Shekarar da Na Musanya Shanun Baba da Injin Niƙa

Ni makanike ne, kuma a shekarun nan da kuɗin mai suka malalo ƙasar nan, makanike ba ƙaramin mutum ba ne. Rumfata tana Kankara a bakin hanya, ina gyaran injinan niƙa da na ban ruwa, da duk wani ƙarfe mai shan mai yana hayaƙi. Shekaruna talatin da 'yan kai a lokacin, ga sabon babur, ga agogo a hannu, kai kuwa ya kumbura. Sau nawa aka kawo mini inji a kan amalanke ana cewa ya mutu, kafin la'asar mai shi ya ji shi yana ruri. Har na fara ɗauka cewa duk abin da ban sani ba, to bai cancanci a sani ba.

Gidanmu yana wani ɗan ƙauye kusa da Tafoki. Can Baba yake da gandunsa, gona ɗaya doguwa wadda in ka tsaya a bakinta ba ka shaida mutumin da ke ƙarshenta. Dawa ake shukawa a cikinta duk shekara, kuma dawar nan ita ce tuwon gidan gaba ɗaya: Baba da Inna, da matan ƙannena biyu da 'ya'yansu, har da nawa iyalin da na bari a can. In ta yi kyau an ci, in ta lalace babu wani wurin dubawa. Ƙannen nawa duka sun tafi Kaduna aikin gini, don a lokacin duk saurayin da ke da ƙafa biyu hanyar birni ya kama. Ƙaramin, wanda shi ne mai riƙe garmar shanu, shi ya tafi daga ƙarshe, bayan an kai amfanin gona gida. Ya ce wata biyu zai yi. Har rani ya yi nisa ba a gan shi ba, sai dai gaisuwa a bakin direbobi.

Saura Baba da bijimansa biyu na huɗa, fari da ja. Baba ya haura saba'in. Huɗa da shanu aikin mutum biyu ne, ɗaya yana ja a gaba, ɗaya yana danne garma a baya, kuma mai dannewar sai mai ƙarfin kafaɗa. Duk da haka dattijon nan bai rage musu komai ba. Ga harawa, ga dusa, ga kanwa a ruwan sha. Yana bi yana cire musu kaska da hannunsa, yana yi musu magana ƙasa-ƙasa, irin maganar da mu 'ya'yansa ba mu taɓa samu daga bakinsa ba. Ni kuma duk zuwan da na yi gida abin haushi yake ba ni. Motoci sun cika hanya, ana ta gine-gine, ga ubana a tsugune yana sosa wa sa wuya.

A ranin wannan shekarar aka yi gwanjon tarkacen wani gidan gona. Na je neman kayan gyara, sai na ga wata 'yar tarakta a jingine da katanga, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta. Ƙarama ce, tsayinta bai wuce ƙuguna ba, irin wadda ake aikin lambu da ita. Tayoyi huɗu lafiya, giya lafiya, sitiyari lafiya, har da 'yar garmarta a baya. Injinta na fetur ne kawai ya ƙone, ya tsage ta gefe, babu batun gyara. A gwanjon ko tayi babu wanda ya yi mata. Aka haɗa mini ita da wasu tsofaffin famfuna, na sa aka ɗoro ta a a-kori-kura zuwa rumfata. Tun a hanya na gama shirya komai a kaina: in samo injin dizal in ɗora mata, in kai wa Baba, a huta da shanu, a huta da jiran ƙanena.

Injin ma na san inda yake. Akwai wani Alhaji mai niƙa a Sheme wanda ya sayi sabo babba ya ture tsohon a zaure. Silinda ɗaya gare shi, da hannu ake murɗa shi ya tashi, da wani ƙaton faifan ƙarfe a gefensa. Shekara da shekaru ni nake yi masa gyara, na san shi ciki da waje. Na samu Alhajin na ce ya sayar mini.

"Kai malam," in ji shi, "kuɗi sun cika gari, kowa da su a aljihu. Nama ne babu. Bijiman nan na tsohonka nike so. In an kawo su, ɗauki inji."

Da na yi hankali da nan na tsaya. Amma ni a wurina faɗuwa ce ta zo daidai da zama, tunda dai shanun nake so a rabu da su. Sau uku ina zuwa gida a kan maganar. Na farko Baba ya yi kamar bai ji ba. Na biyu ya ce sai ya yi tunani. Na uku na same shi da hantsi a gindin zana yana tufka igiya, na zauna na yi ta zuba: ciyar da shanu wahala ce, ƙanena ba zai dawo ba, shi ƙarfi ya ƙare, tarakta ba ta cin harawa, ba ta ciwo, ba a sace ta. Ya bar ni na gaji don kaina.

"Abin ga naka," ya ce, "yana huɗa?"

"Baba, abin da shanun nan za su yi a kwana goma, ita kwana biyu ne."

"Ba sauri na tambaye ka ba. Dawa ta tashi, ta shiga ta huɗe ta?"

"Ƙwarai kuwa."

Haka na amsa, ko numfashi ban ja ba. Na ji tambayar da kunnena, amma ban saurare ta ba. Ya daɗe yana kallon igiyar da ke hannunsa, sannan ya ce, "Tau. Kai ka san ƙarhe."

Ran da aka zo tafiya da su, shi da kansa ya shayar da su, ya sa musu sabuwar igiyar nan. Bai raka su ko ƙofar gida ba. Ya juya ya kama gyaran wani shinge da babu abin da ya same shi. Inna kuwa ta ajiye mini fura ta juya ta shige ɗaki. Na lura da duk wannan, na kuma ce a raina tsofaffi ne, in sun ga aiki za su manta.

Daga nan na duƙufa ba ji ba gani. Wanda bai taɓa ɗora injin da ba na wuri ba a wuri, ba zai san azabar ba. Injin niƙa an yi shi ne ya zauna a kan dakali har ya tsufa, ba don yawo ba. Ƙarti huɗu suka ɗaga shi, muna sauke shi a kanta gaban taraktar ya durƙusa. Sai da na yanko ƙarafa daga wata matacciyar babbar mota, mai walda ya yi mini shimfiɗa. Ramukan ƙusoshi babu wanda ya zo daidai da wani, na ɓula sababbi da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Injin fetur da gudu yake juyawa, na dizal a hankali, don haka faifan da bel ke hawa sai da na canza shi sau uku kafin tafiyar ta yi daidai. Sannan ga ruwan sanyaya shi: a gidan niƙa ganga guda ake girke masa a gefe, ni kuma ina zan kai ganga? Na ƙera ɗan tanki na ɗaure masa a ka. Murfin gaba ya ƙi rufuwa, na jefar da shi. In ya tashi girgiza yake har notuna su kwance, na bi na ƙara wa kowanne ɗan'uwa. A wannan aikin ne ƙarfe ya danne mini babban yatsa, farcen har yau bai fito daidai ba.

Fiye da wata biyu na yi a haka. Igiyar awo a wuyana take wuni. Na auna tsawo, na auna faɗi, na auna tsakanin wannan ƙusa da waccan har sau uku-uku, ina yi wa mai walda masifa in ya kauce da faɗin tsinke. Masu kawo gyara na kore su da yawa. Kuma gaskiya ina jin daɗin aikin, daɗin da ban taɓa ji a wani aiki ba.

Ruwan farko ya sauka ban gama ba. Baba bai jira ni ba, ya tara mata da yara suka yi shuka yadda aka saba. A wajenmu ba a huɗa kafin shuka. A cikin kwarin da ke tsakanin kunyoyin bara ake zuba iri, don nan danshi ke taruwa. Sai dawa ta kusa gwiwa a shigo da garma a tsaga tsohuwar kunya biyu, ƙasar ta faɗa dama da hagu ta rufe gindin shukar. Kwarin bara ya zama kunyar bana. In ba a yi wannan ba kafin marka, ruwa ya kwanta a kwarin, dawa ta tsaya a cikinsa ta shaƙe. Na san wannan tun ina ƙarami, na ja shanu a gonar nan. Amma tun ina shekara goma sha biyar na bar noma, kuma sanin ya koma can wani lungu a kaina inda ba na leƙawa.

Ran da na gama, a wani fili da ke bayan rumfata na gwada ta, fili a shafe babu tudu babu kwari. Na murɗa, ya yi tari biyu ya kama. Na sauke garma na saki kuloci, ta tafi tana fitar da kunya miƙaƙƙiya kamar an ja layi. Mutane suka taru ana sowa. Wani tsoho ya ce ko Turawan da suka ƙera ta ba su yi mata wannan gatan ba. Ban yi musu ba.

Washegari na hau ta na nufi gida. Tafiyar da babur ke yi a ɗan lokaci, sai da na kusa wuni a kanta, hayaƙi yana dukan fuskata, ƙashin bayana kamar ya rabu. Duk ƙauyen da na ratsa sai an fito kallon tantan, don haka mutanenmu ke kiran tarakta. Na isa da la'asar sakaliya. Baba ya fito ya zagaya ta sau ɗaya, hannayensa a baya, bai taɓa ta ba. Ya ce dawa ta isa huɗa tun shekaranjiya.

Da safe muka shiga gona, rabin ƙauye a bayanmu. Cikin waɗanda suka zo har da aminin Baba, wani dattijo Bamaguje wanda gonarsa ke iyaka da tamu, tare suka taso. Dawar ta yi kore shar, layi-layi har iya ganinka. Na daidaita bakin garma a kan tsohuwar kunya, na sauke, na saki kuloci. Ƙasa ta fara tsagewa, na ji ƙamshinta. Ban yi taku ashirin ba na ji muryar Baba ta keto ƙarar injin.

"Tsaya! Kai, tsaya!"

Na tsaya na waiwaya. Garmar ta yi aikinta, kunya ta tsage daidai. Amma layi biyu na dawa, na dama da na hagu, suna kwance a ƙasa an murje su. Tayoyin a cikin kwari suke tafiya, daidai kan shukar. Na ce ƙila ban daidaita ba ne. Na ja baya, na matsa gefe har tayoyi suka hau kan kunya. Sai bakin garma ya koma kan layin dawa, ya tumɓuke shi. Na sake matsawa ɗaya gefen, haka. Sai a lokacin na tuna karkiyar Baba, doguwar sandar nan da yake ɗora wa shanu a wuya. Da gangan ya sassaƙe ta da tsawo, don kowane sa ya taka kunyar da ke gefe, garma ta bi ta tsakiya, layukan dawa su wuce tsakani babu abin da ya taɓa su.

Aminin Baba ya tsinci wani busasshen kara, ya gwada shi tsakanin tayoyin baya, ya karya daidai faɗinsu. Ya sunkuya ya ajiye shi a ƙasa. Daga wannan kwari zuwa wancan, cif.

"Ɗana," ya ce, "an ce wata biyu kana awo a Kankara. Ba ka zo ka auna gona ba?"

Babu wanda ya yi dariya. Da sun yi da ya fi mini sauƙi. Baba yana can a duƙe yana tada dawar da ba ta karye ba, yana danna mata ƙasa da ƙafa. Ni kuma maimakon in ja bakina in tsuke, sai zuciya ta ɗebe ni, na ce ai laifin kunyoyin ne, ba a yi su a kan ma'auni ba. Baba ya ɗago ya dube ni.

"Haka na ishe su," ya ce. Ya koma ga abin da yake yi.

Ban saduda ba. Na ce a ba ni kwana uku in faɗaɗa ta. Na kwance ƙarafan da ke riƙe da tayoyin, na ɗora su a motar haya na koma Kankara. Kwana ukun suka zama takwas, don mai walda ya tafi biki, sannan iskar waldarsa ta ƙare. Muka ƙara wa kowane gefe tsawo yadda tayoyi za su hau kunyoyin waje. Na dawo a babur ɗina na haɗa, taraktar ta yi wani irin buɗe ƙafa kamar kwaɗo. A layin farko, ban kai tsakiyar gona ba, na ji ƙas. Nauyin injin niƙan ya fi ƙarfin waldar. Tayar gaba ta kwanta, taraktar ta kife a gefe cikin dawa, ruwan tankin ya zubo yana tururi. Sai da aka kira mutane aka ciccibo ta zuwa gindin wata ɗorawa a bakin gona, kuma abin da ƙafafunmu suka tattake a fitar da ita ya fi wanda tayoyi suka kashe.

A ranar na hau babur na tafi Sheme. Na yi niyyar in roƙi Alhajin ya ba mu shanun ko na mako ɗaya ne. Ya saurare ni, ya girgiza kai. Ya ce ko kwana goma ba su yi a hannunsa ba aka loda su a mota zuwa Kudu. Ya yi mini jaje sosai, har da kawo ruwa. Ban iya sha ba.

Na bi masu shanu gida-gida, daga ƙauyenmu har wajen Damari. Amsa ɗaya ce: sai mun gama namu. Ban ga laifinsu ba. Ruwa ɗaya aka yi shuka da shi, dawar kowa rana ɗaya ta isa huɗa, kuma bayan nasu akwai na 'yan'uwa da surukai da suka riga mu magana. Mu da muke da shanu ba mu taɓa shiga layin kowa ba, yanzu mu ne na ƙarshe.

Sai Baba ya kira gayya. A da in ya kira gayya, samari ne ke cika gonar da garmar hannu, makaɗi a bayansu, kafin azahar an yi nisa. Inna da matan gidan suka yi daka na mutum arba'in, fura a manyan ƙorai, tuwo a akusa. Ranar ta zo, muka tsaya a bakin gona muna duban hanya. Waɗanda suka zo ba su kai goma sha biyu ba, kuma babu mai baƙin gemu a cikinsu sai ni. Samarin suna Kaduna da Legas. Makaɗin ma an ce ya zama yaron mota. Aminin Baba ne ya zo da matan gidansa, don su matansu suna noma, kuma wallahi su suka fi mu aiki.

Na karɓi garmar hannu, na ce ai hannuna ya saba da ƙarfe. Ashe kantar riƙe sifanar makanike daban, ta garma daban. Kafin hantsi tafukan hannuna sun yi bororo sun fashe. Baba yana layin da ke kusa da nawa, yana gabana, ban taɓa cim masa ba. Rigarsa ta jiƙe ta manne, ina ƙirga haƙarƙarinsa ta baya. Duk sara ɗaya sai ya yi wani ɗan nishi, irin wanda ban taɓa ji daga gare shi ba. Ban san inda zan sa idona ba. Da rana ta yi muka zauna cin abinci, tsofaffi suka ci abin da za su iya, sauran aka mayar gida a kai. Inna ta rarraba wa maƙwabta ba ta kalli kowa ba.

Na rufe rumfata na zauna a ƙauye. Kullum ni da Baba muna fita da garma biyu. Na aika wa ƙannena cewa su zo, ko ɗaya daga ciki. Bayan mako biyu direba ya kawo saƙo: rediyo sabuwa a kwalinta, da yadin shadda na Baba, da cewa aiki ya riƙe su. Baba ya sa aka ajiye kwalin a ɗakin Inna, bai buɗe ba.

Ba mu kai kashi ɗaya cikin uku na gonar ba marka ta sauka. Ruwa yau, ruwa gobe, ƙasa ta yi nauyin da garma ba ta ɗaga ta. Kwaruruwan suka cika. Dawar da ba a huɗe ba ta tsaya cikin ruwa, ganyenta ya fara ja daga ƙasa, ciyawa ta taso ta kere ta. Kana tsaye kana ganin iyakar inda muka tsaya: nan kore, can ja, kamar gonakin mutum biyu. Baba bai daina fita ba. Yakan shiga ruwan har idon sawu da fartanya, yana buɗe masa hanya ya fita, ruwan da ba shi da inda za shi. A haka sanyi ya kama shi a ƙirji, ya kwanta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai taɓa yi mini faɗa ba. Ko sau ɗaya. Na so ya zage ni, ya kore ni, in samu abin riƙewa. In na shiga gaishe shi sai ya amsa, ya tambayi hannuna. Inna ce dai wata rana ta tare ni a bakin madafi, ta yi magana a hankali don kada matan gidan su ji.

"Ni ba dawar ke damuna ba, Allah na nan," ta ce. "Mutumin ga tun da aka tahi da su, kullum da sahe sai ya hita wajen turke ya tsaya, sannan ya tuna ba komi a wurin. Kullum. Ko jiya da ba ya iya miƙewa sai da ya ce in duba ko an ba su ruwa. Kai ka yi wannan. Ina so ka sani."

Na sani. Na fita na rasa inda zan nufa, sai na samu kaina a gindin ɗorawar nan. Tunda babu abin da na iya sai ƙarfe, shi na koma wa. A makonnin da Baba yake kwance na mayar da tayoyin yadda suke tun farko, na wanke injin, na haɗa mata 'yar tirela da katako da tayoyin wata tsohuwar amalanke. Na ce a raina ko ba ta yi huɗa ba, ranar girbi za ta kwashe dammuna ta kai gida, Baba ya ga ta yi masa wani abu guda ɗaya.

Ya tashi kafin kaka, amma da sanda. Muka yi girbi, ni da matan gidan da aminin nasa. Ɓangaren da aka huɗe ya ba da abin da ya ba da. Sauran kuwa sai ka bi kara goma kafin ka samu zangarniya ɗaya, ita ma ba ta fi tafin hannu ba. Muka ɗaure, muka tara a wuri ɗaya a bakin gona. Tarin bai kai ƙirjina ba.

Na ɗauko hannun murɗawa na nufi taraktar. Na riga na zuba mai, na cika tanki da ruwa, na ɗaura tirela. Baba yana tsaye dogare da sandarsa yana kallon dammunan.

"Bar shi," ya ce.

"Baba, sawu ɗaya ne ta kwashe."

"Na sani. Abin da ke nan bai kai a tada inji ba. Tahi ka aro jaki."

Ba da fushi ya faɗa ba, yadda ake faɗin ko wane lokaci ne ya faɗa. Na ajiye ƙarfen a kan kujerar taraktar na tafi na aro jakin maƙwabcinmu. Kafin la'asar jaki ɗaya ya gama kwashe noman gidan mutum kusan ashirin.

A sawun ƙarshe ni nake kora jakin, Baba yana biye a hankali. Da na ji shiru na waiwaya, sai na gan shi can baya a duƙe a kan hanya. Zangarniyar da ta zube daga dami yake tsinta, irin wadda ake bar wa tsuntsaye da masu kala. Yana hure mata ƙasa yana sawa a hularsa. Sunkuyon yana yi masa wuya, sai ya dafa sanda da hannu biyu kafin ya miƙe, ya yi taku uku ya sake duƙawa. Na so in koma in taya shi, na kasa. Na tsayar da jakin na jira shi, hawaye yana zubo mini, har ya iso da hular a rungume a ƙirjinsa, ya wuce ni bai ɗago ba.